Jikan Malam a Fagen Dambe

Angwan Iya, Keffi
3 ga Maris, 1975

Ƙanena Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni dai hankalina ba a kwance yake ba. Ɗanka Dabo ya shiga dambe. Dabon da ka sani, mai i'ina, wanda in baƙo ya yi sallama sai ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ashe kullum da yamma bayan kasuwa yake zuwa, wurin Husaini mahauci, a naɗa masa zare a hannu.

Ka san tun rasuwar mahaifinsa a gidan kakansa Malam muke zaune. Malam ya ce dambe sana'ar mahauta ce, jikan malamai ba ya shiga fage. Ko dai ya bari, ko ya bar gidan. Shi kaɗai gare ni, Sale. Don Allah ka rubuto ka tsawata masa, yana jin maganarka.

Ka huta lafiya,
Yayarka Hajo

Kaduna
14 ga Maris, 1975

Yaya Hajo,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta takardarki a wurin aiki, na yi ta dariya har abokan aikina na reluwe suka ɗauka ƙarin albashi aka yi mini. Ba ke ba ce kika gama yawon gidajen malamai kina karɓo masa rubutun sha don bakinsa ya buɗe?

Na san Husaini tun muna yara. Kafin ya koya wa yaro naushi, sai ya koya masa tsayuwa, da kallon mutum ido cikin ido, da haɗiye fushi. Ki yi haƙuri, ba zan tsawata masa ba. Ki dai lura da shi ki gaya mini abin da kika gani.

Naki,
Sale

Angwan Iya, Keffi
29 ga Maris, 1975

Sale,

Ina gaisuwa. Kai da dariyarka, to ga abin da ya faru.

Jiya bayan sallar Juma'a Malam ya tara mazan gida a zaure, ni ina laɓe bayan ƙofa. Da aka kira Dabo ya ƙi cewa ya bar dambe, sai baffansa ya ɗaga hannu zai mare shi. Dabo ya cafe hannun, ya sauke shi a hankali, bai rama ba. Sannan ya durƙusa ya ce, "Malam, ban raina gidan nan ba. Amma a wurin Husaini na daina jin tsoron mutane, ba zan iya cewa na bari ba alhali ban bari ba."

I'inar ta kama shi a tsakiya, ya ja numfashi ya ƙarasa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Na ji daɗi, wallahi.

Malam ya ce maganarsa tana nan yadda take. Dabo ya ɗaure kayansa da kansa. Gobe zai shiga mota zuwa wurinka, shi kaɗai. Ka riƙe mini shi amana.

Allah ya kiyaye mu,
Hajo

Kaduna
2 ga Afrilu, 1975

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya iso lafiya, har ya tambayi inda 'yan damben Kaduna ke taruwa, na kuma nuna masa.

Ya ba ni saƙo. Ya ce kada ki je ki durƙusa wa Malam saboda shi. Da Sallah zai dawo ya roƙi gafara da bakinsa.

Allah ya sada mu da alheri,
Sale