Masararmu Ta Fi Mutum Tsayi

Zuwa ga Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya sanyin Jos? Yaya jikin Inna Rabi, yaya su Fa'iza? Mu nan Faskari lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Kawu, aikin koya wa matasa noma da na samu bayan gama karatu ya zo da jarrabawa. Gonar koyonmu tana bakin gari, ta hanyar Sheme. Da muka shuka masara, gari shiru yake. Yanzu ta fi mutum tsayi, har ta fara goyo. Ranar Talata muka tarar da sawun babura a tsakiyarta. Ban ga kowa da idona ba, kuma ba a taɓa kowa ba, amma babu mai babur a cikinmu.

Mai unguwa ya ce a sare ta, kada 'yan bindiga su samu maɓoya. Hamisu, wanda ya fi kowa ƙwazo cikin ɗalibaina, ya ce mani, "Malam, in aka sare ta, ramin haƙar zinariya zan koma. Can ma mutuwa ce, amma da ci."

Gobe za mu shiga da adduna. Ni da na koya masu shuka, ni aka ce in fara sara.

Kawu, a sa mu cikin addu'a, kada mu tarar da kowa a ciki. A gaida Inna, amma kada a gaya mata.

Ɗanka,
Nura