Ɗakin Tsintsiyar Kawu Ilu

Inna,

Ina gaishe ki daga Filadelfiya. Ya ƙafar Baba? Mu lafiya lau, sai sanyi.

Otal ɗin da Kawu Ilu yake aiki, inda ya samo min aiki ni ma, sun sallame ni saboda sallah, na kai ƙara hukumar kare haƙƙi ta gari. Da aka tambayi ko akwai wani mai sallah can, na yi suɓul da baka: "Kawuna, shekara tara yana yinta a ɓoye a ɗakin tsintsiya."

Takardar hukumar na isa otal suka garƙame ɗakin. Yanzu bayan motoci yake azahar, kan ƙanƙara. Na je ban haƙuri, sai cewa ya yi, "Ka ci abinci?"

Inna, ƙaninki ne. Ki roƙe shi ko zagina ya yi.

Ɗanki,
Laminu