Ko Ɗigon Ruwa

Litinin, 6 ga Mayu, 1968
An kwantar da Baba a asibiti. Ƙaba ce, sai an yi masa tiyata. Likitan tiyata guda ne ya rage, sauran sun tafi tun rikicin bara waccan, wasu kuma suna bakin daga. Ranar Alhamis kaɗai yake yi wa farar hula aiki, sauran ranakun na sojojin da ake kawowa ne. Inna na jego, ni da Gwaggo, yayar Baba, muke jinya. Ƙafafuna ciwo suke.

Talata, 7 ga Mayu
Sista Lami ta zaunar da ni ta yi min bayani, wai ni ce 'yar makaranta. Za a ba Baba maganin barci. Daga isha'in Laraba kada komai ya shiga cikinsa, ko ɗigon ruwa, don in ya yi amai yana barci zai iya gangara huhunsa ya kashe shi. Da ta ga faratansa duk shuɗi sai ta razana. Ya ce, "Ranki ya daɗe, rinin karofin Ƙofar Mata ne, ba ciwo ba." Na faɗa wa Gwaggo bayanin, kaina a ƙasa. Ta ce ta ji.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ba a yi ba.
Da sassafe Gwaggo ta zo da rubutu daga wurin Malam Maharazu, ta cika kwano ta ba Baba ya shanye. Ina tsaye. Ban hana ta ba. Da aka zo ɗaukarsa Sista ta tambaya ko ya ci wani abu. Gwaggo ta ce, "Ko loma." Kuma ba ƙarya take ba, a wurinta rubutu ba ci ba ne, ba sha ba ne. Sista ta kalle ni. Na faɗa. Sai wata Alhamis.
A hanya Gwaggo ta ce, "Dije, bokon naki ya kai ki kai ƙarar ayar Allah?"

Asabar, 11 ga Mayu
Baba ya wuni yana murƙususu. Sista ta ce in hanjin ya shaƙe kafin Alhamis, sai addu'a. Gwaggo ba ta kula ni.

Litinin, 13 ga Mayu
Na yi barci a ajin lissafi.

Laraba, 15 ga Mayu
Gwaggo ta sake karɓo rubutu. Bayan la'asar na je zauren Malam Maharazu, na daɗe a bakin ƙofa ina son in juya. Na durƙusa na maimaita abin da Sista ta ce. Ya ce, "Yarinya, wa ya ce lallai sai an sha? A shafa masa. In ya farfaɗo ya sha sauran."

Alhamis, 16 ga Mayu
Gwaggo ta tsiyayo rubutun daga kwalba a kwano. Na ɗora tafin hannuna a kai.
"Sakar min kwano."
"A'a, Gwaggo. Malam ya ce shafawa."
Duk ɗakin aka ji ni. Wani soja mai bandeji a ka ya ce, "Hajiya, wannan ko a bariki sai a ba ta muƙamin saje!" Gwaggo ta daɗe tana hararata, sannan ta tsoma hannu ta shafa wa ƙanenta a goshi da ƙirji, tana kuka ba sauti.
An yi. Ya farfaɗo bayan azahar, tambayarsa ta farko wa ke motsa masa rijiyar rini. Alhamdulillahi. Barci nake ji.

Laraba, 22 ga Mayu
Baba na takawa zuwa baranda. Gwaggo ta koma kirana "likita", da gatse, amma ko kunu ba ta ba shi sai ta dube ni tukuna.
An kawo wani dattijo gadon kusa, gobe za a yi masa aiki. Na hango kwalba a cikin kwandon matarsa. Ban san ta ba, kuma ba ruwana. Gaishe ta kawai na je yi. Sai dai mun ɗan jima.