Rigar Gonarka Tana Wurin Gwarzo

Zuwa ga maigidana, Baban Nafisa,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma takaba ta kulle ni a gida, bango kuwa ba ya amsa magana.

Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki. Mata sukan shigo su sha shayi, su gaya mini dawa ta fitar da kai a gonar hawasharka, su tashi su tafi abinsu. Nafisa tana Sinja wurin mijinta da tsohon ciki, sai dai waya.

Mu biyu muke wannan zaman, ni da karenka Gwarzo. Tun da aka kai ka, kullum sai ya tsere makabarta, yara su rako shi da jifa. Dole na sa aka ɗaure shi a gindin dogon yaro. Ya yi ta zagaye bishiyar har ƙafarsa ta fitar da hanya a ƙasa. Ni ma na fitar da tawa tsakanin randa da ƙofa.

Ka tuna yadda nake korarsa da takalmi? Ka tuna na ce ka fi damuwa da kaskar kunnensa a kan ciwon bayana? To, yi dariyarka. Yanzu ni ke cire masa kaska ina jefawa a garwashi. Ina sauya masa ruwa safe da yamma, ina matsar da shi inuwa idan rana ta juyo, ina jiƙa masa kisra, gurasarmu ta dawa, da romo, ban da ƙayar kifi, kamar yadda kake ta nanatawa. Ashe duk ina jin ka lokacin da nake yi kamar ban ji ba.

Sai ga labarin mahaukacin kare a ƙauyen gaba da mu. Yayanka Alhaji Musa ya tsaya daga bayan katanga ya ce ko dai a yi wa Gwarzo allura ranar kasuwar garin Hajj Abdalla, inda likitan dabbobi ke zuwa, ko ya tsallakar da shi kogi ya baro shi can. Ban ga laifinsa ba, yana da jikoki. Kai ke kai shi duk shekara. Ni kuwa ina zan taka?

Ranar kasuwa Yaya ya kawo karo, amalanken nan da jakinsa ke ja, bakin ƙofa. Gwarzo ya kafe ƙafafu yana gurnani, ya ƙi hawa. Yaya ya ce ba zai yi kokawa da kare da furfurarsa ba, kasuwa ma ba jiransa za ta yi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Da aka raba tufafinka sadaka, na ɓoye rigar gonarka, ban wanke ta ba. Warin gumi da laka da nake yi maka mita a kai, ina sonsa, kunya ce ta hana ni faɗa. Duk sanda ɗakin nan ya matse ni, cikinta nake tusa fuskata.

Ita na ɗauko na miƙa ta kan katanga. Yaya ya shimfiɗa ta a karon. Gwarzo ya shinshina, ya yi tsalle ya kwanta a kai, shiru. Na tsaya, yatsun ƙafata a bakin ƙofa, har ƙarar karon ta ɓace.

Bayan la'asar suka dawo, an yi masa allurar. Rigar kuwa ya ƙi saki, ya ja ta gindin bishiya. Jiya na lallaɓa na shinshina, babu komai sai warin kare. Na yi kuka, na ji haushinsa, na ji haushinka. Me ya sa ka bar mana riga ɗaya mu biyu?

Amma yana cinye abincinsa yanzu, ya kuma daina zagaye bishiyar. Ni ce ban daina ba.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri.

Matarka da ke bayan ƙofa,
Uwar Nafisa