Ƙofar da Na Sa Aka Rufe, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma tun da kika rasu na rasa wanda zan faɗa wa abin da ke cin raina.

Tsoro nake ji, Inna. Ranar da kika cika, Yaya Sani ya garzaya gidan rediyo kamar yadda aka saba. Kin san shi da son cika aiki. Bai tsaya a sunanki ba, sai da ya sa aka ce ana zaman makoki a gidan surukinki Alƙali, a Nassarawa. Aka faɗi layi, aka faɗi lambar gida, har da darbejiyar da ke ƙofa. Babu wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. In ba haka ba, yaya dangi za su gane gidan?

Abin da Yaya Sani bai sani ba, surukin naki Malam yana tsakiyar sauraren shari'ar wani kamfanin fata na Challawa. Inji ya cinye hannun wani ma'aikaci, masu kamfani suka ce gangancinsa ne, ma'aikata suka ce ƙarya ne. Kowane ɓangare a fusace yake.

Ranar sadakar uku wani mai farar babbar riga ya zauna a tabarmar maza, ya yi miki doguwar addu'a. Da zai tashi ya riƙe hannun Malam ya ce, "Allah Ya raya Sadiya da Kabiru. Yara masu hankali, ina ganinsu ta bayan masallaci suna tafiya makaranta su kaɗai." Malam ya gane shi. A bencin baya na kotu yake ganinsa, kuma har yau bai san mutumin wane ɓangare ba ne. Sai da na ga ya ture abinci na matsa masa, sannan ya gaya mini.

Kin tuna wayar tarhon da kike yi mini tsiya a kanta? "Binta an zama matar Bature," haka kike cewa in ta yi ƙara. Yanzu da hantsi take ƙara, bayan Malam ya fita. In na ɗauka, ba magana, sai numfashin mutum. Ashe sunansa da muƙaminsa da adireshinmu duk suna cikin littafin lambobin waya, wanda ke kan teburin kowane manaja daga Bompai har Sharada.

Malam ya rubuta wa hukumar waya a cire, a bar adireshin kotu kawai, shi da sauran alƙalai. Aka ce sai an zo buga sabon littafi. To waɗanda suka riga suka shiga hannun mutane fa? Abin yana ba ni haushi ƙwarai. A ɗora wa mutum yanke hukunci tsakanin masu fushi, sannan a nuna musu inda 'ya'yansa ke kwana.

Da kaina nake raka yaran makaranta yanzu. Sadiya tana jin kunyar ƙawayenta, ni kuwa ko babur ya rage gudu a kusa da mu sai in janyo su jikina.

Na hana Yaya Sani kai sanarwar sadakar arba'in rediyo, mun yi cacar baki, ya ce na raina ki. Na kuma sa maigadi ya mayar da duk wanda bai sani ba.

Jiya ina makaranta ɗauko yara wata tsohuwa ta zo. Maigadi ya ce daga Gumel take, a motar haya, ta ce tare kuka yi wasan ƙasa da ke, sai yanzu ta sami halin zuwa. Ya ce mata an hana. Ba ta yi musu ba. Ta tsuguna a bakin ƙofa ta karanta miki fatiha, ta ajiye ƙullin daddawa ta tafi. Ko sunanta bai tambaya ba.

Ko ruwa ba ta sha a gidana ba, Inna. Na yi kuka har na gode Allah. Kuma da safen nan da maigadi ya tambaye ni ko a janye dokar, na ce masa a'a.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya kai baiwar Allahn nan gida lafiya, Ya tsare mini jikokinki a hanyar makaranta. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Binta