Ƙafar Tankin Wurno da Kunyar Suruki

Zuwa ga Injiniyan da ya sa hannu a kan tankin ruwan unguwarmu ta Wurno,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ka koma Gwaram lafiya, tunda ranar da ka zo duba aikin ko ƙura ba ta taɓa takalminka ba.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce, kuma shugabar matan da aka damƙa wa kula da tankin. Ranar Talatar da ta wuce masu fasa dutse suka tayar da nakiya a bayan gari, ƙasa ta ɗan girgiza. Kwanon shan da ke kan randata bai faɗo ba, amma ƙafa ɗaya ta tankin nan, mai tsayin bene, ta ɗaga daga kankare ta koma, ruwa ya fantsamo wa 'yan matan da ke layi. Tun ranar a karkace yake.

Na ɗaya. Kowace ƙafar ƙarfe tana zaune ne a kan faranti mai huda huɗu. Bol, wato ƙusar da ke ɗaure faranti da kankare, biyu kaɗai aka sa a kowane, su ma gajeru, sauran hudojin aka toshe da siminti aka shafa fenti. Tsakanin faranti da kankare tsakuwa aka cusa don ƙafar ta daidaita. Da idona na ga ana yi.

Na biyu, kuma nan ne kaina ke sunkuye. Wanda ya yi aikin mijin 'yata ta fari ne. Kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san ko sunansa ba na faɗa. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni ina ɗaki. Ta yaya zan tsaya gaban leburorinsa in ce masa ya yi ha'inci? Na aika ƙanena, sai ya dawo da cewa injiniya na tafe, shi ya san daidai. Sai na jira ka. Ka zo, ka sauke gilashin mota, ka kalli sama, ka sa hannu. Ranar buɗewa mata suka yi ta guɗa suna cewa aikin surukin Malama ne, ba zai yi gardama ba. Ina zaune ina murmushi.

Na uku. Na karanta cewa a ƙasashen da ake girgizar ƙasa, mahaɗar ƙafa da kankare injiniyoyi suka fi tsoro. Sukan jijjiga ginin a kwamfuta kafin a haƙa rami, su ga ko bol zai miƙe ya riƙe ko zai tsige. Mu ba mu nemi kwamfuta ba, sunkuyawa kawai muka nema. An ɗauko ka daga wani gari ne don ba ka da suruki a nan, ka faɗi abin da kunya ta hana mu faɗa. Ni ina da al'adar da ta ɗaure min baki. Kai me ya ɗaure naka?

Jiya na ji an sake cika tankin, wai jama'a na kukan ruwa. Masu nakiya kuma ba su tashi ba.

Ina roƙo a zubar da ruwan yau, ka zo da kanka a fasa simintin nan a gaban mai unguwa, a sake gindin kamar yadda zanenka ya ce.

Na san bayan wannan takarda 'yata za ta daɗe ba ta taka gidana ba, kuma a gari za a ce Malama ta zubar da kunya. Na auna, na ga ya fi min sauƙi a kan in je ta'aziyyar yarinyar da na koya wa karatu. Daga gobe da safe tabarmata na bakin famfo, ba yaron da zai shiga ƙarƙashin tankin. A nan za ka same ni. Wannan karon sai ka fito daga mota.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare 'ya'yanka da namu.

Wassalam,
Malama Hadiza, Wurno.