Tocilar Duba Ƙwan Zabin Iya

Zuwa ga kakata, Iya Tabawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mutanen gida duk suna lafiya, ruwa yana sauka daidai, gero ya fara fitar da kai. Ni ne Sagiru, maigidan nan naki da kike cewa bai taɓa kawo miki cefane ba. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba. Amma ina ɗauke da labarin kazarki da na tocilar da na yi miki alkawari, kuma ba wanda zai gane shi kamar ke.

Kowace damina, da zarar zabi sun fara ƙwai a gindin danga, sai ki bi ki tsince, ki zuba wa kazarki wake-wake a gurbinta na ƙarƙashin gadonki. Kin ce zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, yawo kawai ta iya, irina. Idan kwancin ya yi nisa, sai ki rufe ƙofa da rana tsaka, ki rataya zani a taga, ki riƙa haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya don ki ware masu rai daga baragurbi. Ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, tsohuwar tocilarki kuwa sai an shanya batirinta a rana kafin ta yarda ta buɗe ido.

Wani hutu na ga kina ta fama, na kunna miki fitilar wayata na ɗora ƙwan a kai. Jijiyoyi suka bayyana ja wur, sirara kamar saiwar albasa. Kika daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Ashe abin nan yana da wani amfani ban da hana ka jin kira." Da zan koma makaranta na bar miki tsohuwar wayata.

Ita kuma wayar ta ƙi ki. Kafin a kai ga fitilar sai an shafa fuskarta daga sama, a nemo wani ɗan mitsitsin zane a danna, yatsunki kuwa surfe da fartanya sun gama da su, ko ta ji taɓawar ba ta kai ki inda kike so. Da na dawo na tarar da ita cike da hotunan rufin ɗaki da na ƙafarki. Kin jefa ta cikin kwalla kin rufe, kin koma wa tocilarki.

Shi ya sa da malaminmu na kwamfuta ya ce kowa ya haɗa 'yar ƙaramar manhajar waya, ban yi wani dogon tunani ba, na ce tocila zan yi. Ajin ya ɗauki dariya. Wani ya tambaye ni ko a ƙauyenmu ba a san kowace waya da fitilarta take zuwa ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, amma na ƙyale shi. Abin da nake so ba wuya: fuskar waya ta zama baƙi ƙirin don kada ta ɓata miki duhun ɗaki, babu rubutu ko ɗaya, duk inda yatsanki ya faɗa fitila ta kama, in kin sake taɓawa ta mutu. A gidan Yaya Hadiza a Bacirawa na yi ta rubuta umarnin, ina gogewa, ina sakewa.

Kin tuna ranar gwajin farko? Na hau motar Ɗambatta ina ta hura hanci, na sa miki manhajar, na ce bismillah. Kika dangwala yatsa, fitila ta kama. Kika sake dangwalawa, ta ƙi mutuwa. Na karɓa na danna, na sake dannawa, ko gezau. Ashe na koya mata kunnawa, ban koya mata kashewa ba. Waya ta ɗauki zafi a hannuna, kika ce, "Maigida, duba ƙwai na ce ka taya ni, ban ce ka dafa mini ba." Kika yi ta dariya har tari ya sarƙe ki. Tarin nan duk mun ɗauka na sanyin damina ne.

Na koma na gyara. Na sa ta riƙa tuna halin da take ciki, a kunne ko a kashe, na kuma sa ta kashe kanta idan an manta da ita, tunda caji sai an kai shagon bakin kasuwa. Ranar da ta yi aiki sumul na bugo waya. Kawu Audu ya ɗauka, ya ce kina ɗan kwance amma da sauƙi. Ina jin muryarki daga nesa kina cewa, "Gaya masa na zuba wa wake-wake ƙwai, ya zo da fitilarsa." Na ce ƙarshen mako ina tafe.

Ba ki jira ƙarshen makon ba, Iya. Da hantsi aka kira ni, kafin in sami mota in iso har an dawo daga maƙabarta. Na sauka da manhajar a aljihu, na tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Da aka tashi daga zaman makoki, sai maganar ɗakinki ta taso. Ɗakin ajiyar Kawu yana yoyo, taki da ragowar hatsi suna jiƙewa, naki kuma shi ne mai rufin kirki. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Amma zuciyata ta ƙi. Gadonki yana nan yadda kika bar shi, carbinki a jikin ƙusa, butarki a bayan ƙofa, wake-wake kuma tana kwance a gurbinta. Matar Kawu ta ce a kwanakin da mata suka cika ɗakin kazar ta sha tashi ta bar ƙwan, sun yi sanyi, duk baragurbi ne, a zubar kawai. Na roƙi a bari in duba. Kawu ya ce in akwai rai a ciki ba mai taɓa ɗakin sai sun ƙyanƙyashe, in babu kuwa gobe a kwashe kaya.

Bayan azahar na shiga ni kaɗai. Na rufe ƙofa, na rataya zaninki mai ruwan bula a taga, na durƙusa. Wake-wake ta kai mini sara a hannu, ban ji haushinta ba. Kowane ƙwai da ɗan zanen gawayin da kika yi masa, a karkace kamar kullum. Na taɓa wayar, fitila ta kama.

Na farko fayau yake, haske ya ratsa shi kamar ruwa. Na biyu ma haka, na bayansa ma haka. Sai na ɗauko wani, na ga duhu ya cika shi, sai ɗan fili a gefe guda. Na tsayar da numfashi. Duhun ya motsa, Iya. Wallahi ya motsa.

Na kira Kawu. Babban mutum kamarsa ya durƙusa a gaban gadon mahaifiyarsa, ya ƙura wa ƙwan ido, har abin ya sake motsi. Ya miƙe ya fita yana goge fuska da hularsa, ya je ya lulluɓe buhunansa da leda. Fiye da rabin ƙwan sun lalace, na binne su a bayan danga, sauran na mayar wa kazar.

Tun daga ranar kullum ina ɗakinki. Ina kawo wa wake-wake tsaba da ruwa, in zauna a bakin gado. Har yanzu akwai ƙanshin man shanu da daddawa a kwanukanki, wani lokaci har in manta ba kya nan, in yi sallama a bakin ƙofa in tsaya jiran amsa. Ina kewarki ƙwarai. Ban san gidan nan ke ce hayaniyarsa ba sai da kika tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ki taɓa dangwala gyararriyar ba, wadda ta ƙi mutuwa kaɗai kika sani.

Yau da safe na ji 'yar ƙara a ƙarƙashin gado. Na leƙa, na ga ɓawo a farfashe, 'yan zabi masu zane a ka suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Kafin la'asar duk sun fito, har wani ya bi ta kan ƙafata da gudu. Yaran gida suna ta tsalle, matar Kawu ma ta zo ta yi barka.

Kawu bai tayar mini da maganar ɗakin ba, amma hadari yana ta haɗuwa a gabas, kuma ya cika alkawarinsa. Ni da bakina na ce masa gobe mu fitar da gadon, ni zan kama wajen kai. Kullum bayan salla ina roƙon Allah Ya raya ƙwan nan, Iya. Ga shi Ya amsa, ina zaune a ɗakinki a yini na ƙarshe ina kuka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya sada mu a can cikin aminci. Amin.

Jikanki mai kewarki,
Sagiru